Ɗanka Na Jami'a, Wakilinka Ne a Rumfar Zaɓe

Jama'ar Zango, na Asawase da Aboabo da Sawaba, da 'yan'uwanmu na bakin iyaka daga Bawku da Paga har Aflao.

Ya kai uba, ya ke uwa: yaron da kuke biya wa kuɗin karatu a jami'ar KNUST ta nan Kumasi ba takardar digiri kaɗai yake nema ba. Kowace shekara ɗalibai suna zaɓen shugabannin ƙungiyarsu ta SRC, su kuma saurari muhawarar 'yan takara. Har majalisar da ke gudanar da jami'ar tana da kujerar wakilin ɗalibai. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma muna yaba wa jami'a a kanta.

Amma dimokuraɗiyya ba ta tsaya ga ranar zaɓe ba. Ku tuna Oktoban 2018. Ɗalibai sun koka kan gauraya maza da mata a gidajen kwana na Katanga da Conti, da kuma yadda masu gadi ke mu'amala da su. Ranar 22 ga wata zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi ɓarna, aka rufe makaranta. Ba mu goyon bayan ɓarna. To amma me gwamnati ta yi? Rushe majalisar jami'ar ta yi, sai da Otumfuo Osei Tutu II, uban jami'ar, ya sa baki kafin ƙura ta lafa. A 2020 kuma ta kawo ƙudirin da zai ba shugaban ƙasa rinjaye wajen naɗa majalisun jami'o'i. Malamai suka ƙi, aka jingine shi. Wanda ke son riƙe wuyan jami'a ba ya son ɗalibi mai tambaya.

Mu 'yan Zango mun fi kowa buƙatar irin wannan ɗalibi. Kakanninmu sun ga korar baƙi ta 1969. Har gobe, sunanka ko harshenka na iya sa a ce kai ba ɗan ƙasa ba ne a wurin rajista. Alhali sashe na 42 na tsarin mulkin 1992 ya ba duk ɗan Ghana mai shekara 18 da cikakken hankali 'yancin yin rajista da jefa ƙuri'a. Ɗanka ya iya karanta wannan. Sa shi ya karanta maka, ya fassara wa maƙwabta.

Kada wani ya ce maka ƙuri'a ɗaya ba komai ba ce. A 2020 manyan jam'iyyu biyu sun tashi da kujera 137 kowacce a majalisa, kuma da ƙuri'a 16 kacal aka ci kujerar Sene West.

Saboda haka, idan yaran sun dawo hutu, ku ba su aiki. Su duba sunayen mutanen gida a rajista. Su raka tsofaffi zuwa rumfa. Masu ƙarfin zuciya su zama wakilan jam'iyya, su tsaya har a gama ƙirge, kada su sa hannu a takardar sakamako sai sun karanta lambobin. Babu jifa, babu zagi, babu karɓar kuɗin kowa.

Ranar zaɓe, ku fito da sassafe ku zaɓi canji. Allah Ya ba mu zaɓe lafiya.