Lamba 777: Gyara Ne, Ko Cire Ƙyauren Gida?

A zangon karatun da ya gabata, wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Nasarawa GRA, inda 'yata take karatu, ta sayi manhajar yanar gizo domin iyaye su riƙa duba sakamakon jarrabawa daga gida. Da yake ina cikin kwamitin iyaye da malamai, sai aka gayyace ni ranar da za a girka ta a kan uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye manhajar, tana kuma amsa buƙatun masu ziyara. Manhajar ta ƙi karɓar hotunan ɗalibai, tana cewa ba ta da izinin rubutu. Saurayin da ke aikin bai yi wata-wata ba, ya buga umarnin chmod da lamba 777 a kan dukkan fayilolin. Nan take komai ya kama aiki, aka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin a ganina ba gyara aka yi ba, ƙyauren gida aka cire saboda makulli ya ɓata.

Bari mu warware wa mai karatu ma'anar lambar. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci suna aiki da Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, bisa tsarin Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka assasa a Amurka a 1969. A wannan tsari kowane fayil yana da mai shi, da rukunin da yake ciki, sai kuma sauran jama'a. Izini ma iri uku ne: karantawa tana da maki 4, rubutawa 2, zartarwa 1. Idan aka haɗa su sai a sami 7. Ashe ke nan 777 na nufin an ba kowa ikon komai. Amma 644 na nufin mai fayil ya karanta ya rubuta, saura su karanta kawai. Ita ce aka saba ba fayiloli, jakunkunan da ke ɗauke da su kuma a ba su 755.

A ajin nazarin halittu muna koya wa ɗalibai cewa kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani mai tace abin da ke shiga da fita. Iskar oksijin takan ratsa shi cikin sauƙi, sukari kuwa sai ta wata ƙofa tasa ta musamman. Ranar da tantanin ya daina tacewa, ranar ƙwayar ta mutu. Masana kwamfuta ma sun cimma wannan hikima: a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka bayyana ƙa'idar cewa kada a ba wani mutum ko wata manhaja iko fiye da abin da aikinsu yake buƙata.

Wani zai ce, ai kwamfutar ta makaranta ce, su wa ake tsoro? Gaskiya ne, 777 ba ta ba mai wucewa a intanet damar rubutu kai tsaye. To amma "sauran jama'a" sun haɗa da kowane asusu da kowace manhaja da ke cikin na'urar, kuma sau da yawa makarantu hayar uwar garke suke yi tare da baƙin da ba su sani ba. Idan ɓata-gari ya sami kafa ko da ta wurin loda hoto ce, zai tarar da komai a buɗe: ya sauya manhajar, ya karanta kalmar sirrin rumbun bayanai, daga nan ya kai ga makin ɗalibai da adireshin iyayensu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin bai kai aikin minti goma ba. Da umarnin chown ake daidaita mallaka. Fayilolin manhaja su kasance na asusun mai kula da ita. Asusun da ke hidimar shafin, wanda Ubuntu ke kira www-data, a bar masa karatu kawai, sai jakar hotuna ita kaɗai za a ba shi ikon rubutu a cikinta, a kuma hana gudanar da wata manhaja daga can. Fayil mai ɗauke da kalmar sirri a ba shi 640, domin bare kada ya leƙa. Haka muka sa saurayin ya yi, manhajar kuma ba ta fasa aiki ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu, kafin su biya mai girka manhaja, su yi masa tambayoyi uku: wa ya mallaki fayilolin, wace jaka ake iya rubutu a cikinta, wa ke iya karanta kalmar sirri? Tun 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, kuma ta ɗora wa mai tattara bayanan alhakin tsare su. Ku kuma ɗalibai masu sha'awar kwamfuta, duk ranar da na'ura ta ce muku babu izini, ku tsaya ku binciki dalili kafin ku ɓalle ƙofa. Bayanan 'ya'yan mutane amana ce. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.