Waiwaye: Lokacin da Aka Kori Shugaba Darman Zuwa Chadi

Kundin tsarin mulkin 1979 bai cika wata huɗu da fara aiki ba aka gwada ƙarfinsa. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka tsallaka da shi iyakar Chadi, suka ajiye shi a can. Takardar korar daga ma'aikatar harkokin cikin gida ta fito, lokacin Bello Maitama Yusuf ne minista. Wai mutumin ba ɗan Najeriya ba ne.

To, wannan baƙo da ake magana shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ƙarƙashin jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, alhali jam'iyyar NPN ta Shehu Shagari ke mulki a Legas. Mai hankali ba ya buƙatar a gaya masa inda aka dosa.

Aka kai ƙara babbar kotun Maiduguri. Gwamnati ta kafe a kan cewa asalin mahaifinsa daga Chadi ne. Amma sashe na 23 na kundin bai ce sai ta wajen uba ba. Wanda aka haifa a Najeriya, idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'ummar ƙasar ne, ya zama ɗan ƙasa, kuma mahaifiyar Shugaba 'yar Borno ce. Sashe na 38 kuwa ya hana a kori ɗan ƙasa daga Najeriya ko a hana shi shigowa. Kotu ta soke korar, ta ce a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba. Shugaba ya dawo gida.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba soja ne suka kore shi ba. Zaɓaɓɓiyar gwamnati ce, wadda ta yi rantsuwar kare kundin. Ashe ƙuri'a ba ta hana mai mulki zarce gona da iri. Shi ya sa kwamitin tsara kundin na Rotimi Williams, wanda Murtala Muhammed ya kafa a 1975, bai tsaya ga tsara zaɓe kawai ba: aka ɗora kundin a kan kowa har da shugaban ƙasa, aka raba iko tsakanin majalisa da zartarwa da kotu, aka keɓe babi na huɗu ga haƙƙin ɗan ƙasa. Kowanne cikin ukun nan ya yi aiki a shari'ar Shugaba. (Soja sun dakatar da manyan sassan kundin bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, amma wannan zancen wata rana ne.)

Sai dai Shugaba babban mutum ne, yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu. Makiyayi ko ɗan kasuwar kan iyaka da jami'i zai kalli fuskarsa ya ce masa ɗan Nijar ne, wa zai tsaya masa? Ga shi kuwa kariyar tana nan a kundin 1999: sashe na 25 kan zama ɗan ƙasa, na 41 kan 'yancin zirga-zirga, na 46 kuma ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru.

Kira nake ga lauyoyinmu da gidajen rediyonmu: ku karanta wa jama'a babi na huɗu da Hausa, sashe bayan sashe, ku kuma gaya musu kotun da za su je.