Mai Koyon Harbi Ya Fara da Ƙaramin Harsashi

A Amurka, inda harbin saiti wasa ne da doka ta amince da shi, sabon maharbi yakan yi ɗokin sayen bindiga mai cin babban harsashi irin .308 Winchester. A ganina kuskure ne. Maimaici ke kawo ƙwarewa, kuma wanda tsadar harsashi ta dame shi ba zai yawaita zuwa filin atisaye ba.

Shi ya sa na fifita .22 LR, wanda aka fito da shi a 1887, mai kaurin kusan milimita 5.6. Kuɗin harsashin .308 guda ɗaya yakan sayi da dama irinsa. Ba ya sa bindiga ta naushi kafaɗa, saboda haka mai koyo ba ya sabawa da zabura yayin jan kunama, ɗabi'ar da ke da wuyar bari. Da shi ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik.

Gaskiya ne, idan ya wuce mita 100 yakan yi ƙasa da sauri, iska kuma takan karkatar da shi. Amma hakan ke koya wa maharbi auna nisa da lura da kaɗawar iska. Sai hannu ya faɗa tukuna a nemi babba.