Ha Long: Duwatsu Na Nan, Ina Masu Wurin?



Tun da na nuna hotunan tafiyata ƙasar Biyetnam ake ta tambayata, wai wurin nan na gaske ne ko kwamfuta ce ta haɗa shi? Na gaske ne wallahi. Harkar ƙwallon kashu ce ta kai ni a 2018, kun san yawancin wanda muke aunawa a Ogbomosho can ake kai shi a fasa. Da muka gama ciniki sai abokin huldata ya ce ba zan dawo gida ban ga Ha Long ba.

Wurin yana arewacin ƙasar, a lardin Quang Ninh, tafiyar awa biyu da rabi a mota daga Hanoi. Teku ne ya kutso cikin ƙasa, ga tsibirai kusan 2,000 sun yi cirko-cirko a cikin ruwa, kowanne da gashin itatuwa a ka. Dutsen irin wanda ake haƙa a Ewekoro ne a yi siminti, sai dai a can ruwan sama da igiyar teku sun shafe miliyoyin shekaru suna cinsa, har wani tsibirin gindinsa ya fi kansa siranta. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1994.

Jirgin ruwa ya kai mu kogon Sung Sot. Sai ka hau matakala har numfashi ya fara gagararka, ka shiga ta wata 'yar ƙofa, kwatsam ka ga kanka cikin wani fili da ya fi masallacin Juma'ar unguwarmu girma, duwatsu na reto daga sama kamar kitsen da ya narke ya daskare. Ban san lokacin da na ce Subhanallah ba. Wanda Allah ya hore masa, ya je ya gani, a nan ba ni da ja.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A ƙauyen Vung Vieng aka sauke mu cikin ƙananan kwale-kwale, wata mata da ta kai sa'ar yayata tana tuƙa namu. Na ga 'yan gidajen katako a kan ruwa, an shafe su da fenti tsaf, amma babu shanya, babu hayaƙin girki, babu kukan yaro. Na tambayi mai yi mana tafinta, ya ce ai a 2014 aka kwashe gidaje sama da 300 na masunta daga ƙauyukan kan ruwa aka mayar da su tudu. Matar nan a kan ruwan aka haife ta. Yanzu da safe take zuwa ta zagaya da baƙi inda ta tashi, da yamma ta koma.

Kada in ci haƙƙin hukuma, tana da hujja. Guguwa na yawan afka wa yankin, yara na buƙatar makaranta, mai naƙuda na buƙatar asibiti, kuma an ba su gidajen bulo, ba a watsar da su a titi ba. Mu da muka san abin da ya faru a Maroko a 1990 mun san bambancin a tashe ka a ba ka makwanci da a tashe ka kawai.

Amma hujjar tsabtace ruwa ce ban gamsu da ita ba. Da idona na ƙirga jirage sama da 20 a gaban kogo ɗaya, kowanne da injinsa da ɗakin girkinsa da bayan gida, robobi na yawo a gefenmu. Masunta sun tafi, mu muka maye gurbinsu, kuma mun fi su yawa, mun fi su shara. Idan har wurin bai iya ɗaukar kowa, me ya sa mai gida ne zai fara fita? Ni a ganina adadin jiragen ya kamata a fara ragewa. Masunci kuwa da aka ba shi ɗaki nesa da komarsa, an ba shi wurin kwana ne, abin da zai ci da saura.

Abokina ya ce ai matar ta samu aikin yi. Haka ne. Sai dai aikin ya dogara da zuwan irina, kuma a 2020 da annobar korona ta rufe iyakokin ƙasar, baƙin waje suka ɗauke ƙafa kusan shekara biyu. Kifi bai san da annoba ba.

Duk wanda zai je cikinku, ya sa rigar kariya ko da an yi masa dariya, don a watan Yulin 2025 guguwa ta kifar da wani jirgin 'yan yawon buɗe ido a wurin, mutum sama da 30 suka rasu. Kuma in kun shiga ƙaramin kwale-kwale, ku ba mai tuƙin abin goro hannu da hannu. Ni dai na bai wa mai tafinta ya miƙa mata, har yau ina jin haushin kaina.