GULBIN KABI AMANA NE A WUYAN KOWA

Ya ku 'yan uwa matasa, musamman na Nasarawa da sauran unguwannin Birnin Kebbi, da na Argungu da ƙauyukan bakin fadama, yau maganarmu a kan gulbi take. Shinkafar da jiharmu ke tunƙaho da ita, da kifin da ya fitar da sunan Argungu duniya, da ruwan famfon da ake tacewa a Dukku, duk albarkar wannan kwari na Rima ce. To wa aka ɗora wa nauyin tsare shi, kuma yaya yake riƙe da wannan amana?

In dai hukumomi ne, ba a rasa su ba. Tun 1973 akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda a yau take kula da jihohin Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Katsina, kuma madatsun Goronyo da Bakolori a hannunta suke. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da ma'aikatar muhalli da hukumar raya birane. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin kwashe shara, ga su nan har 21 a jihar. A 2007 kuma gwamnatin tarayya ta kafa NESREA don tilasta bin dokokin muhalli. Aikin da ke gabansu duka bai wuce uku ba: sarrafa ruwa, tsayar da doka, da wayar da kan jama'a. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sarrafa ruwa. Kogin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa ne kusa da birnin Sakkwato, su biyo ta Argungu da Birnin Kebbi su faɗa Kwara. Ke nan duk abin da aka yi a sama, mu na ƙasa ne muke girbarsa. Da aka kammala Bakolori a 1978, ruwan da ke malala fadamu da damina ya ragu, manoman shinkafa da masunta suka ji a jikinsu. Su kuwa talakawan da aka karɓe wa gonaki, da suka tashi neman diyya a 1980, da bindiga aka amsa musu. Madatsar Goronyo tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. A watan Satumba na 2010 ruwan da ya kwararo daga can ya ci garuruwa da gonaki a Sakkwato da Kebbi. A 2018 kuma madatsar nan ta kusa ƙafewa, har shugabannin hukumar suka fito suna kuka da ƙarancin ruwan sama da yashin da ya cike ta. Sai ga ambaliyar 2020, wadda rahotanni suka ce ta shanye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a Kebbi, shekara biyar kacal bayan an ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi a Birnin Kebbi. Ruwa ya tafi da amfanin gona, bashi ya zauna a wuyan mai gona. Ruwan sama na Allah ne, wannan babu ja. Amma yashe madatsa, da tsara lokacin sakin ruwa, da sanar da na ƙasa kafin a saki, aikin ɗan Adam ne, kuma akwai masu karɓar albashi a kansa.

Na biyu, doka. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba ko amfani da nakiya a ruwa. Duk da haka wane masunci ne bai san labarin gamalin ba, maganin ƙwarin da ake zubawa ya kashe babba da ƙarami har da ƙwai, a kwaso a kai kasuwa mutane su ci? Haka nan a cikin gari, kowa ya san haramun ne a yi gini a kan hanyar ruwa. Amma mai tallar ƙosai ce ake kora daga bakin titi, shi kuwa mai hannu da shuni da ya toshe magudana da katangarsa sai a gaishe shi a wuce. Dokar da ke hawa kan yaro ta tsallake babba, ta rasa kwarjininta ke nan. Dattawa suna ba da labarin duba-gari, wanda ake jin zuwansa gida ya ɗauki tsintsiya, domin an san in ya ga ƙazanta sai an je gaban alƙali.

Na uku, wayar da kai. Kowace shekara hukumomin tarayya suna fitar da hasashen damina da na ambaliya, a yi taro a Abuja, a ɗauki hotuna. Abin tambaya a nan shi ne, manomin da ya ci bashi ya zuba a fadamar Zauro, ta wace hanya labarin yake iso masa, kuma kwana nawa kafin ruwan?

Abin mamaki shi ne darasin yana nan a ƙofar gidanmu. Ku dubi Matan Fada a Argungu. An hana kamun kifi a wurin sai ranar da aka buɗe. Sarkin Ruwa ne mai tsaron gulbin da tsabtarsa, Homa kuma shugaban masunta. Ranar su, da homa da gora ake shiga. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake wannan biki, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Me ya sa wannan doka ta yi ƙarko? Domin kowa ya san ta, kowa ya san mai tsaronta da inda gidansa yake, kowa kuma yana ganin amfaninta da idonsa ranar da aka fito da giwan ruwa. Amma ita ma tana da iyaka. Bayan bikin 2009 ba a sake yi ba sai 2020, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar, bayan matsalar tsaro. Sarkin Ruwa yana iya hana mai taru, amma mabuɗin Goronyo ba ya hannunsa.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a haɗa masu mabuɗi da masu gulbi a tabarma ɗaya. A samar da majalisa tsayayya ta wannan kwari, wadda hukumar koguna, da gwamnatin jiha, da ƙananan hukumomi, da masarautun Gwandu da Argungu, da wakilan manoma, masunta da makiyaya za su zauna kafin kowace damina da kowane noman rani. A bayyana jadawalin sakin ruwa da Hausa a gidan rediyo, a kai wa masu unguwanni, a sanar a masallatai da ranakun kasuwa. Kuɗin muhalli da ake warewa kuma a faɗa wa jama'a nawa ya shigo, me aka yi da shi. Wani zai ce hukumomin da ake da su ma sun yi yawa. Gaskiya ne, shi ya sa ba sabon ofis da motoci muke nema ba. Zama muke nema inda talaka zai yi tambaya a ba shi amsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku kuma 'yan uwa, kada a tsaya jiran hukuma. Ledar ruwan da ta toshe kwalbatocin Nasarawa ba daga Abuja aka kawo ta ba. Ku haɗa aikin gayya ku yashe magudanun unguwa kafin ruwan farko. Wanda ya iya karatu ya nemi hasashen damina ya bayyana wa iyayensa manoma. In kun ga mai zuba guba a gulbi ku yi masa nasiha, in ya ƙi ku kai maganar ga Sarkin Ruwa ko mai unguwa. Ku tafi wurin kansilanku cikin ladabi da natsuwa, da takarda a hannu, ku tambaye shi ranar da motar shara za ta zo. Wanda ya share ƙofar gidansa shi ke da bakin tuhumar mai mulki.

Allah Ya tsare mana gulbinmu, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.