Mai shagon kwamfuta, takardunmu amana ne a hannunka

Wata ranar Lahadi, kasuwar Illela na ci, na shiga wani shagon kwamfuta don in buga takarda. Mai shagon ya ce in zauna in turo da kaina. Ina buɗe Chrome sai ga WhatsApp ɗin wani bawan Allah, saƙonni na ta shigowa. A foldar Downloads kuwa takardun NIN ne jibge, da hotunan fasfo da sakamakon JAMB na mutane. Duk wanda ya hau kujerar nan zai iya kwashe su a filashi cikin minti guda.

Za a ce laifin kwastoma ne da bai fita daga asusunsa ba. Ban yarda ba. Wanda ya taho daga Konni ko daga ƙauye, hankalinsa na kan motar komawa, dole wata rana ya manta. Kwamfuta kuwa ba ta mantuwa, don haka ita ya kamata a ɗora wa aikin.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Da farko, mai shago ya daina zaunar da jama'a a asusun admin. Ya buɗe wa kwastomomi ƙaramin asusu a Windows, wanda ba ya iya taɓa saitin kwamfutar.

Na biyu, ya rubuta ɗan jerin umarni a Notepad, ya adana shi da .bat a ƙarshen sunan. Umarnin del zai share Downloads, shutdown /l kuma ya fitar da mai amfani. Task Scheduler na iya tayar da shi da kansa in an bar kwamfutar ba a taɓa ba. Sai dai fita daga Windows kaɗai ba ya rufe WhatsApp, shi ya sa a riƙa buɗe Chrome a yanayin baƙo, wanda ke goge tarihin bincike da asusun da aka shiga da an rufe shi.

Na san uzurin masu shago: kwastoma kan dawo neman fayil ɗinsa. Gaskiya ne. To a kwafe shi zuwa foldar da aka kulle da umarnin icacls, mai shago kaɗai ke iya buɗewa, bayan mako a goge.

Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a. Ko babu ita, wanda ya miƙa maka takardarsa amana ya ba ka, kuma da NIN da hoto ɗan damfara ke fara aiki.

Kai kuma mai karatu, buɗe WhatsApp yanzu, ka duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunka, ka cire duk wadda ba taka ba. Gobe in ka shiga shago, tambayi mai shi: "Malam, in na tashi, me ke goge takarduna?" In ba shi da amsa, gaba akwai wani shagon.