Wayar biki ta isa horo

A gasar Sidni ta 2000 aka fara shigar da tirayatlon cikin wasannin Olamfik: iyo na kilomita 1.5, tseren keke na kilomita 40, sannan gudun kilomita 10. Masu horar da 'yan wasan ba sa rabuwa da kyamara, kuma ina ganin samarin Danchadi da Shagari ya kamata su ɗauki wannan dabara. Keke ba baƙonsu ba ne, ga dam ɗin Shagari kusa. Wayar da ake ɗaukar biki da ita ta isa. Tsaya a gefen hanya ka ɗauki abokinka yana tuƙi, ku rage saurin bidiyon. Nan take za ku ga ko sirdin ya yi ƙasa, gwiwa a lanƙwashe sosai ko da feda ta sauka, abin da ke jawo ciwon gwiwa ke nan. A ruwa kuwa, bidiyo zai tona mai ɗaga kai wajen numfashi har ƙafafunsa su nutse. Amma don Allah, mai riƙe waya hankalinsa na kan allo, a ajiye gwanin iyo a bakin ruwa yana lura da mai iyon.